Jirgin Sama a Bakin Masu Labari

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau maganar jirgin sama za mu yi. Za mu bi sawunsa tun daga tatsuniya, mu ratsa ta littattafai da tarihi, har mu zo ranar da ya fara sauka a ƙasarmu. Mai aiki a hannu ya ci gaba da aikinsa, kunne kawai muke roƙo.

Duk wanda ya zauna gaban kaka da dare ya san labarin Gizo da hankaki. Ana cikin yunwa, Gizo ya lura hankaki suna zuwa wata bishiyar ɓaure a tsakiyar kogi suna dawowa da ƙoshi. Ya lallashe su, kowane ya ciro gashi ɗaya ya ba shi, ya manna a jikinsa ya tashi tare da su. Da aka isa, duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Haushi ya kama hankaki, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a can, ƙarshenta ya faɗa ruwa cikin kadoji. Mutanen Girka na da ma suna da nasu. Wani gwanin sassaƙa mai suna Dedalus ya haɗa wa kansa da ɗansa Ikarus fukafukai da gashin tsuntsu da kakin zuma don su tsere daga tsibirin Kirit. Ya gargaɗi yaron kada ya matsa kusa da rana. Yaro ya ji daɗin tashi ya manta da maganar uba, kaki ya narke, ya faɗa teku. A littafin Dare Dubu da Ɗaya akwai dokin katako mai tashi idan an murɗa masa wani ɗan maɓalli, akwai dardumar da ke ɗaukar mai ita ta kai shi inda ya so, akwai Sindibad da ya ɗaure kansa da rawaninsa a ƙafar ƙaton tsuntsu. Maganar iskar da Allah ya hore wa Annabi Sulaimanu, alaihis salam, da Buraƙa ta daren Isra'i, wannan mu'ujiza ce, babinta daban, ba ma haɗa ta da tatsuniya.

Ku lura da abu guda a labarin Gizo da na Ikarus. Dukansu sun faɗo, kuma dalilin faɗuwar hali ne: wancan haɗama, wannan ƙin jin magana. Babu mai tatsuniyar da ya tsaya tambayar ko gashin ya isa ya ɗauki nauyin mutum.

Farkon inda na ga an sauya wannan tambaya shi ne labarin Abbas ɗan Firnas, malamin birnin Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wanda ya rasu a shekarar 887. Masani ne a fannin taurari da haɗa gilashi da waƙa. Malamin tarihi Al-Maƙƙari ya rawaito cewa ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai biyu, ya diro daga wuri mai tsawo, ya yi tafiya mai ɗan nisa a cikin iska, amma wurin sauka ya ji ciwo a baya. Dalilin da aka kawo kuwa shi ne bai yi wa kansa wutsiya ba, alhali tsuntsu da wutsiyarsa yake daidaita sauka. Gaskiya ta wajaba a nan: Al-Maƙƙari ya rubuta wannan ne bayan kimanin shekara 700 da rasuwar mutumin, don haka bai kamata mu riƙa bugun ƙirji muna cewa Ɗan Firnas ne ya ƙera jirgin sama ba. Darajar labarin a wurina ita ce an ɗora faɗuwar a kan wani abu da ya ɓace a cikin ƙirar. Abin da ya ɓace a ƙira kuwa ana iya nemo shi a gyara. Yau akwai gada a Ƙurɗuba da wani kwari a duniyar wata masu ɗauke da sunansa.

Daga nan sai mu tsallake ƙarnuka masu yawa. A 1783 'yan'uwa biyu Faransawa, 'ya'yan gidan Montgolfier, suka cika ƙaton balan-balan da iska mai zafi, mutane suka tashi a cikin kwandonsa a sararin birnin Paris. Sai dai balan-balan bawan iska ne, inda ta nufa can za ka. Wani Baturen Ingila, George Cayley, shi ya fara fahimtar cewa kwaikwayon kaɗa fiffike ɓata lokaci ne. A bar fiffike a kafe ya ɗauki nauyi, a nemo wani abu dabam ya tura gaba, a sa wutsiya ta riƙe daidaito. Har gobe a kan wannan tsari kusan kowane jirgi yake. Fiffike yana ratsa iska a ɗan karkace, yana danna ta ƙasa, matsin iskar da ke samansa ya ragu, na ƙarƙashinsa ya fi ƙarfi, sai ya ɗago.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne rawar da tsuntsayen Afirka suka taka. Akwai wani Bafaranshe mai suna Louis Mouillard da ya zauna a Aljeriya da Masar. Ya shafe shekaru yana kallon ungulu da shaho suna shawagi a sararin Alƙahira ba tare da sun kaɗa fiffike ba, yana auna faɗin fukafukansu da nauyinsu, ya fitar da littafi a kai a 1881. A Jamus kuma Otto Lilienthal ya duƙufa kallon wata irin shamuwa ta ƙasarsu, ya rubuta nasa littafin a 1889, ya ƙera fukafukai marasa inji ya riƙa dirowa daga tudu har fiye da sau 2,000. A watan Agusta na 1896 iska ta kife da shi, ya karye a wuya, washegari ya cika.

Labarin mutuwarsa ya kai ga wasu 'yan'uwa biyu masu shagon gyara da sayar da keke a garin Dayton na Amurka, Wilbur da Orville Wright. Babu ɗayansu da ya je jami'a. Abin da Wilbur ya fara yi a 1899 shi ne rubuta wasiƙa zuwa cibiyar ilmi ta Smithsonian yana roƙon a aiko masa da abin da aka rubuta game da tashi. Ina so matasanmu su riƙe wannan: kafin ya taɓa katako ko waya, karatu ya fara nema. Suka karanta Lilienthal, suka karanta Mouillard, suka kalli yadda ungulun ƙasarsu ke murɗa bakin fiffike idan za ta karkata. Da suka ga alƙaluman da suka gada daga magabata ba sa ba su abin da suke tsammani, sai suka haɗa wani dogon akwati mai fanka a 1901, suka gwada ƙananan fukafukai kusan iri 200 a cikinsa, suna rubuta sakamakon kowane ɗaya. Ma'aikacin shagonsu, Charlie Taylor, shi ya ƙera musu ɗan inji mai ƙarfin doki 12. Ranar 17 ga Disamba 1903, a bakin teku kusa da Kitty Hawk, Orville ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci mita 37. Kafin azahar sun tashi sau huɗu, na ƙarshen ya kai daƙiƙa 59.

Ku riƙe shekarar, 1903. A watan Fabrairunta sojojin Ingila suka ci Kano, a Maris suka shiga Sakkwato, a Yuli Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi yana kan hanyar gabas. Shekarar da mulki ya kuɓuce daga hannun kakanninmu, ita ce shekarar da waɗanda suka karɓe shi da 'yan'uwansu suka sami hanyar sama.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, maganar jirgin sama muke yi a tarihi da littattafai.

Kafin wani jirgi na gaske ya ratsa sararin ƙasashenmu, littafi ya riga shi. A 1863 marubucin Faransa Jules Verne ya fitar da ƙagaggen labari mai suna Mako Biyar a Cikin Balan-balan. Turawan Ingila uku, Dakta Fergusson da abokinsa Kennedy da baransa Joe, suka tashi daga Zanzibar suka keta Afirka har Senegal. Labarin ya bi da su ta Tafkin Chadi, inda Joe ya faɗa ruwa da gangan don kwandon ya yi sauƙi, ya bi da su ta Kukawa da Agadas da Tambutu. Verne bai taɓa taka waɗannan wurare ba. Daga rubuce-rubucen matafiya ya tsinci sunayen, musamman na Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, wanda ya zauna a Agadas a 1850, ya shiga Kano a 1851. Barth da ƙafa da raƙumi ya zo, ya koyi Hausa, ya zauna da malamai, ya bayyana kasuwar Kano da marinarta da girmamawa. Verne kuwa da ya ɗauki garuruwan nan ya ɗora masu kallonsu a cikin kwando can sama, sai mutanen ƙasa suka koma taron masu ihu, ko dai suna gudu, ko suna sujada ga balan-balan, ko suna harbinsa. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, yara da yawa a Turai daga cikinsa suka fara sanin Afirka. Ina ganin illarsa ba ƙarama ba ce, domin ya koya wa mai karatu cewa daga nesa ake ganin mu, kuma daga nesa babu mai suna.

Da jirgin gaske ya zo, bai daɗe ba aka mai da shi makami, kuma a nahiyarmu aka fara. Ranar 1 ga Nuwamba 1911 wani sojan Italiya, Giulio Gavotti, ya jefo gurneti da hannunsa daga jirgi a kusa da Tarabulus ta Libiya. Wannan ne karo na farko a tarihi da aka jefa bam daga jirgin sama. A 1916 Ingila ta yi amfani da jirage a yaƙinta da Sarkin Darfur Ali Dinar. Wannan babi bai rufe ba. A watan Disamba na 2023 jirgi maras matuƙi ya kashe fiye da mutum 80 a taron Mauludi a ƙauyen Tudun Biri na jihar Kaduna, rundunar soja ta amsa cewa kuskure ne. Mai duba allo ya ga taro, iyalai kuwa sun san sunan kowane ɗaya da aka binne. Allah ya jiƙansu.

To yaushe jirgi ya fara sauka a Kano? Ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, ƙirar De Havilland masu fiffike hawa biyu, kowane da mutum biyu a ciki, kawunansu a waje iska tana bugu. Jagoransu Arthur Coningham. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Khartum da El Fashir da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka sauka a filin sukuwa, don a lokacin babu filin jirgi. Kwana shida ke nan. Shi Coningham ya zama babban hafsa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1948 jirgin fasinja da yake ciki ya ɓace a tekun Atilantika kusa da Bamuda, ba a sake ganinsa ba.

Ku sake duba hanyar da suka biyo. Ai hanyar alhazai ce, suka biyo ta ta baya. Ita ce hanyar da mutanenmu ke bi a ƙafa da jaki da raƙumi, daga Kano zuwa Borno, zuwa Wadai, zuwa Darfur, har bakin Bahar Maliya. Mutum ya yi sallama da gida, a raba gadonsa a zuci, domin ba a san ko zai dawo ba. A tsaya a yi noma a sami guzuri, a ci gaba, a tsaya a tsinci auduga a Jazira ta Sudan, a ci gaba. Wani shekara uku, wani bakwai, wani ya haifi 'ya'ya a hanya su girma a can. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu Shuɗi a Sudan, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi da jama'ar da suka tsira daga Burmi. Tafiyar da ke cin shekarun mutum, ga wasu sun yi ta a kwana shida.

Abin da ke hannun masu tarihi game da ranar nan, mafi yawansa daga ɓangaren matuƙan ya fito: nisan da suka ci, man da suka sha, inda inji ya ba su wahala. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ta fara fitowa ba sai 1939. Amma ranar akwai dubban idanu a ƙasa. Akwai mahaya da dawakinsu suka firgita, akwai malamai da almajirai suka zo wa da tambaya, akwai mata da suka leƙo ta kan katanga. Su ma masu labari ne, nasu a baki ya zauna, kuma baki yana tafiya da mai shi.

Daga 1936 jiragen fasinja da wasiƙu suka fara zuwa Kano daga Khartum, filin jirgin Kano ya zama na farko a Nijeriya. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya ɗaga darajarsa. Da Bahar Rum ta zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ayari ayari ta Legas, Kano, Maiduguri, El Jinaina, Khartum, har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Muhimmancinta ya kai har a watan Janairu na 1942 wani jirgin Jamus ya keto Sahara ya jefa bam a filin jirgin Fort Lamy. Littattafan yaƙi na Turai suna yabon matuƙan da suka jure hazo da zafi, kuma sun cancanci yabo. Sai dai filin da suka sauka a kai, wasu ne suka sare dajinsa, suka ɗauko marmara a ka suka daɓe shi, suka gangaro da gangunan mai. Kakannin wasu daga cikinmu ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

A cikin marubutan da suka kalli duniya daga sama, akwai ɗaya da nake ware wa wuri na musamman, Antoine de Saint-Exupéry. Masu sauraronmu na Nijar da Chadi da Kamaru da suka yi karatu da Faransanci, da yawa sun san shi. Matuƙin jirgin wasiƙu ne a kan hanyar Tulus zuwa Kasablanka zuwa Dakar, a zamanin da inji kan mutu a sama ba sallama. A 1927 aka ba shi riƙon wata 'yar tashar jirgi a Kaf Jubi, inda ake kira Tarfaya yanzu a kudancin Maroko, teku a gaba, hamada a baya. A can ya rubuta littafinsa na farko. A ƙarshen Disamba 1935, yana ƙoƙarin kafa tarihin gudu daga Paris zuwa Saigon, jirginsa ya faɗi da dare a hamadar da ke tsakanin Libiya da Masar. Shi da makanikensa André Prévot suka fita da rai, amma ɗan abin shan da ke gare su bai kai ko'ina ba. Suka yi ta yawo cikin rairayi har suka fara ganin abin da babu, har gumi ya daina fito musu. A rana ta huɗu wani Balaraben ƙauye a kan raƙumi ya tsince su ya ba su ruwa.

Ya ba da wannan labari a littafinsa na 1939 da za a iya fassara sunansa da Ƙasar 'Yan Adam, kuma shafukan da ya keɓe wa mai raƙumin nan suna cikin mafi kyawun abin da ya rubuta. Mutumin da ya saba ganin makiyaya kamar ɗigo daga tagar jirgi, ga shi kwance a ƙasa, ransa a hannun ɗayansu. Daga wannan wahala kuma ya samo mafarin ƙaramin littafinsa na 1943, Ƙaramin Yarima, labarin matuƙin da jirginsa ya lalace a Sahara ya haɗu da wani yaro daga wata duniya. An fassara shi zuwa ɗaruruwan harsuna. Ba na cewa Saint-Exupéry ya kuɓuta daga duk tunanin Turawan mulkin mallaka na zamaninsa, akwai wuraren da yake maganar mutanen hamada yadda ba za mu yarda ba. Amma tsakaninsa da Verne akwai tazara mai yawa, kuma faɗowar ce ta kawo ta. Ranar 31 ga Yuli 1944 ya tashi daga tsibirin Kosika aikin leƙen asiri bai dawo ba. Sai a 1998 wani masunci kusa da Marsai ya jawo abin hannunsa na azurfa a cikin koma, da sunansa a jiki.

Silima ma ta daɗe tana son jirgi. Fim ɗin da ya fara cin babbar kyautar Oscar, mai suna Wings na 1927, labarin matuƙan yaƙi ne, haka Top Gun na 1986 da matasanmu suka kalla a gidajen bidiyo. Irin waɗannan finafinai daga kujerar matuƙi suke kallo, ba kasafai kyamara ke sauka inda bam ya faɗa ba.

Mu kuwa, ta ƙofar aikin hajji jirgi ya shiga rayuwar talakanmu. Daga shekarun 1950 alhazai suka fara komawa sama, har hanyar ƙasa ta zama tarihi. Tafiyar shekaru ta koma ta awa huɗu zuwa biyar daga Kano zuwa Jidda. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce kasuwar garinsu ba, sai ga ta an ɗaura mata ɗamara a kujera, tana jan carbi, gajimare a ƙarƙashinta. Sansanin alhazai, jiran jirgi kwana da kwanaki, awon kaya, jarkar zamzam, dangi cike da mota sun zo tarye, duk sun zama sashen rayuwarmu. Mun kuma biya farashi mai tsada. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgi ƙirar Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi haɗari wurin sauka a Kano ya kama da wuta, mutum 176 suka rasu, kuma a lokacin yana cikin mafi munin haɗarin jirgi da duniya ta taɓa gani. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin alhazai da ya nufo Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Jidda, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. A Nijar kuma, ranar 19 ga Satumba 1989, bam ya tarwatsa jirgin kamfanin UTA a sararin hamadar Tenere bayan ya taso daga Njamena, mutum 170 suka halaka. A 2007 iyalansu tare da mutanen yankin suka jera baƙaƙen duwatsu a wurin, suka fitar da siffar jirgi a cikin ƙaton da'ira, suka kafa fiffiken jirgin a tsaye da sunayen mamatan. Allah ya gafarta wa musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri.

Kada a ce ba mu ce komai ba game da jirgi. Mun faɗa, da hannu muka fi faɗa. Magina a Zariya da Kano da Damagaram sun sa siffar jirgin sama a cikin adon bangon gidaje, kusa da dagi da takobi da keke. Masu fentin manyan motoci sun zana shi. Yaran karkara suna feƙe karan dawa su haɗa jirgi da fukafukansa da farfelarsa, kuma har yau in ya wuce can sama sai ka ga sun fito suna ɗaga masa hannu suna saƙon tsaraba. A rubuce kuma muna da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka duniyar wata. Yaro ne Bahaushe mai suna Kilba aka ɗauka aka yi sararin samaniya da shi, ya ga abubuwan al'ajabi. A wannan littafi ɗanmu ne a sama, da harshenmu yake tambaya, da idonmu yake kallo. Ya kamata a ce ya sami magada da yawa fiye da yadda ya samu. Kuma tun 1964 akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya, wadda ta yaye matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar sama daga ƙasashen Afirka da dama. Ina fatan wata rana ɗaya daga cikinsu, mace ko namiji, ya zauna ya rubuta mana da Hausa yadda ake saukar da jirgi a Kano cikin hazon hunturu, lokacin da ba a ganin ƙasa sai an kusa taɓa ta.

Kafin wannan ya samu, akwai aikin da kowannenmu zai iya yi a makon nan. Idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da suka yi hajji a shekarun 1960 ko 1970, ko wanda mahaifinsa ya je a ƙasa, ko wanda ya yi leburanci ko gadi ko dako a filin jirgi, ku zauna da su bayan sallar isha'i, ku kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarku. Ku tambaye su me aka sayar aka biya kuɗin kujera. Wa ya raka su, kwana nawa suka yi a sansani. Me suka ji a cikinsu sa'ad da ƙafar jirgi ta bar ƙasa, wace addu'a suka yi, wa ke zaune kusa da su. Ku tambayi shekara, in ba su riƙe ba ku tambayi wane sarki ke kan gado ko wane gwamna ke mulki. Kada ku katse su, kada ku gyara musu magana. In kun gama ku rubuta sunan mai maganar da garinsu da ranar da kuka ɗauka, ku ajiye a wuri fiye da ɗaya. Wanda iyalinsa suka yarda, ya aiko mana, za mu sa wasu a wannan fili da muryar masu su.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu sauko ƙasa mu bi layin dogo, mu ji yadda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da abin da ya yi wa gyaɗa da fatauci da Sabon Gari.  

(Kiɗan rufe shiri)